Masu Gadin Barcin Madam Khalida

Jama'a, jiya Juma'a, a bakin wani lungu na unguwar Tahaggart, wata tsohuwa ta kwaɗa mini sanda a ƙwauri. Yanzu haka da nake wannan rubutu ƙafar a miƙe take bisa bokiti. Laifina ɗaya ne: na hana ta shiga gida ta gai da mara lafiya. Na san abin da za ku ce. Za ku ce ta yi maka daidai, Yunus, wane irin ɗan Damagaram ne zai tare wa gaisuwa hanya? To ku dakata. Ku zuba shayi, ku ji yadda aka yi, sannan ku yanke mini hukunci. In kun ga na cancanci ta biyu, tsohuwar, Iya Iyatu, tana nan Kasuwar Assihar wajen masu tuwo, kuma sandar ba ta karye ba.

Duk ɗan Nijar da ya taɓa saɓa buhun siminti a Tamanrasset ya san Madam Khalida, in bai sani ba kuwa ƙirjinsa zai kai shi. Tana aiki a wani ƙaramin asibiti da ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ina da bukatar numfashi. Ta gaya mana ya fi sau dubu cewa ita ba likita ba ce, amma mu Likita muke ce mata. A takarda sunan aikinta kine, wato mai gyaran numfashi. Ita ce za ta lanƙwasa tafin hannu kamar ludayi ta yi ta buga maka baya har kakin da ya daskare ya taso. Ita ce za ta miƙa wa ƙato mai shekara arba'in kwalba da ruwa rabi da ɗan tiyo, ta ce ya busa har ruwan ya yi ta ɓulɓul. In sanyi ya gangaro daga duwatsu ƙirjin jarirai ya toshe, ita ke kwantar da su kan tebur, ta danna, ta matsa, jariri ya tsala ihu, uwa ta runtse ido, bayan minti goma sai ka ji iska tana shiga tana fita lafiya lau.

A nan aka haife ta, amma mahaifiyarta, Inna Gwamma, mutuniyar Agadas ce. Saboda haka Madam Khalida tana jin Larabci, tana jin Tamahak, tana jin Faransanci, sannan tana da Hausa mai zaƙi irin ta Agadas. Mu da Larabcinmu bai wuce "nawa ne" da "ga ni nan, mai gida" ba, in ka cire ta daga asibitin nan, to ka rufe mana ƙofa ne.

Zan faɗi gaskiya tunda mu kaɗai ne. Ni mai yaɓen siminti ne, kuma fuka ta kama ni tun shekarata ta farko a garin nan. Na karanta littattafan soyayya masu yawa, na Hausa da na Faransanci, waɗanda ake sayarwa a ƙasa bangonsu a yage. Amma babu ko ɗaya da ya gaya mini abin da zan ji ranar da mace za ta ɗora hannu a bayana ta ce, "Ja. Riƙe. Saki." Na ja, na riƙe, na manta da sakin. Ta ce zuciyata tana bugawa da sauri, ko ina yawan shan shayi ne? Na ce e, Likita, shayi ne.

A takardun manya, ɗakin numfashi yana da ma'aikata uku. Na biyun an tura shi kwas arewa shekara huɗu da suka wuce, kuma da alama ilimin yana da faɗi, don har yau bai gama ba. Na ukun an ƙara masa girma, an ba shi buro, wato ofis, mai fanka, inda yake rubuta rahoto a kan ƙarancin ma'aikata. An ce mini rahoton ya kai shafi ɗari biyu, kuma ya gano cewa lallai akwai ƙaranci. Allah ya ƙara basira. Ta haka aikin mutum uku ya tattaru a hannu biyu.

Kwana goma sha biyu ke nan, ran Litinin wajen azahar, bayan ta sallami jariri na talatin da ɗaya, Madam Khalida ta zauna a ƙasa ta jingina da tulun oksijin, ta kasa tashi. Ba suma ta yi ba, ba kuma zazzaɓi. Hannayen ne kawai suka ƙi ɗaguwa, hawaye yana zuba, an tambaye ta me ke mata ciwo ta ce ba ta sani ba. Aka ba ta hutun kwana uku.

To, me mutumin kirki zai yi in ya ji wadda ta yi masa alheri tana kwance? Dubiya mana! Ai dama duk Juma'a in an sauko daga masallaci mukan biya gidansu mu yi mata ban gajiya, shekara da shekaru. Yanzu da ga ciwo, sai muka tashi gaba ɗaya. Ran Talata na ƙirga takalma a ƙofar gidan Inna Gwamma: mutum arba'in da uku. Masu gini, masu dako, 'yan kasuwa, mata da goyo. Wani da kilishi, wani da dabino, wata da kunun gyaɗa. Kun san gidan mutanen Agadas, baƙo ba ya tashi sai ya sha shayi zagaye uku. Kun kuma san mu, ba ma gai da mara lafiya ta bayan bango, sai mun gan shi ido da ido. Dole Madam Khalida ta tashi, ta yafa mayafi, ta fito tsakar gida ta zauna.

"Likita, ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Af, Likita, tunda dai na zo..."

Sai tari. Kowa da nasa. Makwabcina Baba Salifu, tsohon magini ɗan Maraɗi wanda siminti ya cinye wa rabin huhu, har rigarsa ya ɗaga ya juya mata baya. Ni kuwa sau uku na je, kullum sau ɗaya, da waƙa mai baiti arba'in a aljihu. Duk ranar da na zauna gabanta sai in kasa fito da waƙar, sai ni ma in yi tari. Ta buga mini baya ran Talata, ta buga ran Laraba, ta buga ran Alhamis. Ran Juma'a muka koma ban gajiyar da muka saba. Ran Asabar ta koma aiki idanunta sun faɗa kamar wadda ta tako daga Arlit a ƙasa, mu kuwa muna ta yaba wa kanmu zumunci.

Kada ku ce manya sun yi shiru. Haba! Labari yana isa kunnen Mai Girma Shugaban Kula da Walwalar Masu Kula da Lafiyar Jama'a, ransa ya daɗe, ya ce ba zai lamunta ba. Nan take ya kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna, ya ci nama, ya yanke shawarar a yi Ranar Hutu da Walwalar Ma'aikata. Aka sa ta ran Alhamis, wato ranar da ma'aikatan suke hutawa a gida, don kada bikin ya taɓa aiki. Zuwa dole ne, sa hannu ƙarfe bakwai na safe. Ku dubi hikima irin ta manya.

Ga wani abin alfahari kuma. Kamiyo, wato babbar motar da ke kawo tulunan oksijin, ya lalace a In Ekker kwana tara ke nan, ana jiran wani ƙarfe. Amma balan-balan ɗari uku na ƙawata biki, shuɗi da fari, a jirgin sama suka iso, ko kwana ɗaya ba su makara ba. Da aka buɗe kwalin aka ga ba su zo a hure ba, sai kwamiti ya sake zama. Wa ya fi kowa sanin iska a asibitin nan? Aka aika kwalin ɗakin numfashi, da 'yar takarda mai hatimi.

Madam Khalida ta karanta, ta ninke, ta dube mu. Ta ce, "To, ai ku dama busa nake sa ku. Gobe ku zo da sassafe, ku bar kwalabenku a gida."

Shekaranjiya Alhamis muka hallara mu goma sha takwas, duk masu ƙirjin siminti, muka jeru kan benci muna hura wa hukuma ado. Baba Salifu yana hura ɗaya ya huta minti biyar. Ni kuwa, da yake tana tsaye tana kallo, na ce yau za ta san akwai maza. Na hura goma sha ɗaya ba tsayawa. A na goma sha biyu ɗakin ya juya, rufi ya dawo ƙasa.

Na farfaɗo a kwance, tana yi mini fifita da wani farin ambulan. Na buɗe ido na ga fuskarta a samana, na ce a raina in mutuwa ce wannan to ba ta da laifi. Sai bakina ya ɗauko abin da ya saba.

"Likita, ina gajiya?"

Ta tsayar da fifitar.

"Akwai ta, Yunus," in ji ta. "Akwai ta har cikin ƙashi."

Wallahi tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an amsa gaisuwar nan haka ba. Ta ɗaga ambulan ɗin ta ce, "Ka san mene ne wannan? Takardar barin aiki ce. Jibi Asabar zan kai buro. Yayana ya samo mini wuri a wani kantin magani a arewa, inda ba wanda zai biyo ni gida da tari."

Na ce, "Likita, ai laifin manya ne, su da suka ƙi kawo miki..."

"Manya na saba da su," ta katse ni. "Ba su kawo mini abokin aiki ba, ban kuma sa rai ba. Amma shekara huɗu ke nan ban yi barcin rana ko na Juma'a ɗaya ba. Kuna zuwa da kilishi, kuna zuwa da addu'a, kowa da fuskar da na sani. Ta yaya zan ce wa Baba Salifu ya sauke rigarsa ya tafi? Ba zan iya ba. Tunda ba zan iya cewa a'a ba, gara in bar garin."

Baba Salifu yana da balan-balan a baki, rabi a hure. Ya saki baki, abin ya kuɓuce ya zagaye ɗakin yana wani sauti da ba zan kwatanta a jarida ba. Ba wanda ya yi dariya. Ni da na shekara biyu ina zagin manya a wannan fili nawa na jarida, ranar na gane cewa a cikin masu kashe Madam Khalida har da wani mai waƙa baiti arba'in.

Bikin dai an yi shi, kuma ya ƙayatar. Mai Girma ya yi jawabin awa biyu a kan muhimmancin hutu, ma'aikata suna tsaye a rana saboda kujerun na manyan baƙi ne. Ya ce daga yau ya haramta gajiya a duk faɗin asibitin. Aka tafa. Aka kira Madam Khalida aka ba ta takardar yabo da agogon bango, don ta riƙa sanin lokacin hutawa. Da rana ta take, balan-balan suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya fashe sai Mai Girma ya zabura ya rasa layin da yake karantawa. Baba Salifu ya raɗa mini, "Wancan shuɗin nawa ne. Minti goma na yi a kansa."

A hanyarmu ta komawa ya tsaya ya dafa bango yana haki. Ya ce, "Malam marubuci, in yarinyar nan ta tafi, ni ba zan ga sanyin baɗi ba, kai ka sani ni na sani. Manya sun fi ƙarfinmu. Amma lungun gidansu baki ɗaya gare shi, kuma ina da tabarma."

Muka je muka sami Inna Gwamma. Da ta ji shawarar sai ta dafe ƙirji. "Salifu, so kake a ce gidana ya kori baƙo? Da wane ido zan dubi mutane?"

"Ba gidanki ne zai kora ba, Hajiya, ni ne. Ni kowa ya san ba ni da kunya. Ke dai ki ba mu buta da gawayi, ki rufe ƙofa."

Jiya ana saukowa daga masallaci muka shimfiɗa tabarma a bakin lungu. Baba Salifu ya zauna tsakiya ya lulluɓa da bargo, ni ina hura wuta. Dokar ita ce: duk mai gaisuwa ya gai da Baba a madadin Likita, ya sha shayinsa zagaye uku cif, ya ajiye abin da ya kawo, ya juya. Na farko da ya iso wani mai sayar da atamfa ne, Alhaji Mika'ilu.

"Salifu, lahiya ka tare hanya?"

"Yau ni ne Likita. Gaishe ni."

Alhaji ya yi dariya ya tsuguna. "To, Likita mai gemu, ina gajiya?"

"Akwai ta, Alhaji. Ku kuka kawo ta."

Alhaji ya sha shayinsa, ya ajiye dabino, ya tashi. Da ya yi 'yan taku sai ya juyo ya ce, "Wallahi da tari na zo." Baba ya ce, "Kai shi gida ka ajiye, ba ya lalacewa kafin Asabar."

Haka muka yi ta yi har Iya Iyatu ta ɓullo da kwanon kunu a ka. Tun ranar da na fara cin tuwonta take ce mini mijinta, ni kuma in ce mata amarya. Na tashi na buɗe hannuwa na tare lungu.

"Amarya, yau ba shiga."

"Kauce, mijin banza, ko sabulu ba ka taɓa saya mini ba. Ɗiyata zan gani."

"Barci take."

"Barci da rana tsaka? To ai ciwon ya yi tsanani ke nan, dole in gan ta!"

"Iya, ganin naku ne ciwon."

Ban ga tahowar sandar ba, saukarta kawai na ji. Ina tsalle da ƙafa ɗaya Baba Salifu yana ba ta labarin ambulan. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta sauke kwanon, ta gyara zani, ta zauna a bakin tabarma ta gitta sandar a kan lungu. Ta ce, "Ku ba ku iya gadi ba. Bari ku gani." Daga lokacin ko akuya ba ta wuce ba.

Mutum ɗaya ce ta tayar mana da hankali, wata matashiya da jaririnta yana numfashi kamar ana saƙa. Wannan ba ta gaisuwa ba ce. Iya ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi lekkol ka sha boko, Faransancin naka na karanta soyayya ne kawai? Tashi ka kai ta wajen likitan da ke aiki yau, ka yi mata tafinta." Na tafi ina ɗingishi. Ashe akwai likita, ashe yana da kirki, abin da ya rasa kawai wanda zai gaya masa abin da uwar take cewa. Aka sa wa jariri iska, ya yi barci. Shekara huɗu muna wuce ƙofar mutumin nan.

Na dawo bayan la'asar, zuciyata fara ƙal. Na ce a raina, wanda ya sha sanda, ya kuma yi tafinta, ai ya cancanci leƙawa ta minti ɗaya. Ba tari zan yi ba, waƙa kawai zan miƙa. Na lallaɓa ta gefen bango. Sai na ji an riƙe mini riga ta baya.

"Ina zuwa, malam marubuci?"

"Baba, saƙo ne kawai..."

"Baiti nawa?"

"Arba'in."

"Zauna. Kai kaɗai ka fi mutum goma gajiyarwa."

Yau Asabar tun kafin a buɗe ƙofa ina asibiti. Ta iso ƙarfe takwas, kuma jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba: ashe idanunta manya ne. Inna Gwamma ta ce tun azahar ta kwanta, sai kiran magariba ya tashe ta, ta yi salla ta ci kunun Iya ta koma. Amma ambulan yana hannunta. Ta wuce mu ta nufi buro. Baba Salifu ya kama hannuna ya matse har na manta da ƙwauri.

Ba ta daɗe ba ta dawo, ambulan yana nan. Ashe buro a kulle yake. Mai Girma ya tafi bakin teku hutun mako biyu, saboda wahalar da ya sha wajen shirya Ranar Hutu. Mataimakinsa yana da hatimi, amma mabuɗi yana aljihun Mai Girma.

"Akwai wuri a ƙarƙashin ƙofa," in ji ta. "Har na sunkuya zan tura." Ta jawo aljihun tebur ta jefa ambulan ɗin ciki, ta bar shi a buɗe kaɗan. "Kada ku yi murna da yawa. Barcin Juma'a ɗaya ba ya warkar da shekara huɗu. Yana nan, kuma duk Asabar zan dube shi. Baba Salifu, ɗaga riga."

Da layi ya zo kaina ta miƙo mini kwalba da tiyo. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce kana da waƙa."

Wannan tsoho ba ya riƙe sirri.

"Ranar da ka iya karanta baiti huɗu da numfashi ɗaya, ka zo in saurara. Amma ba ran Juma'a ba. Busa."

Na busa har ruwan ya fantsamo mini a fuska. Yanzu ina kan baiti ɗaya da rabi.

Saboda haka, 'yan'uwa, tabarma tana nan duk Juma'a a bakin lungu, shayi kyauta, sanda ma kyauta. Mai bukatar tafinta ya neme ni. Shi kuwa Mai Girma, ransa ya daɗe, ina yi masa fatan iskar teku ta karɓe shi. Bawan Allah ya wahala saboda mu, kuma mu ba butulu ba ne. Ranar da ya dawo, ina roƙon mu arba'in da ukun nan mu ɗunguma gidansa mu yi masa ban gajiya, kwana uku a jere, kowa ya zo da tarinsa. Iya Iyatu ta ce ita za ta shiga gaba.